Don Ɗan Rago Ɗaya A Ƙarar Da Jinsi?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya. Idan tsuntsu ya sure maka ɗan rago, shin kana da haƙƙin ƙarar da jinsinsa gaba ɗaya?

Dubi abin da ya faru a ƙasar Ayalan. Suna da wata gaggafa mai ƙeya ruwan zinariya, faɗin fikafikanta ya kai mita 2. Makiyaya da maharba suka bi ta da bindiga da guba, har zuwa farkon ƙarni na 20 ba a bar ko ɗaya ba. Alhali kuwa ƙwai biyu take yi a shekara, galibi ma ɗa ɗaya ke rayuwa. Sai a 2001 aka ɗauko 'ya'yanta daga Sikotland aka sake su a Donegal, kuma ba a sami ƙyanƙyasa ba sai 2007.

To ka gani, ɓarna nan da nan ce, gyara kuwa sai an sha wuya. Tsare dukiyarka halal ne, ba mai musu. Amma ɗan rago naka ne, gaggafa kuwa amana ce a hannunka. Wanda ya harbe ta ƙarshe ya ci haƙƙin jikokin da ba a haifa ba, kuma ba shi da hanyar neman su yafe masa. Allah Ya tsare mu da zalunci.