Rigakafin Sanƙarau ga Matasa: Tawakkali da Riƙo da Sababi

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Nau'in da ke haddasa annoba yana zuwa ne daga wata ƙwayar cuta mai zama a maƙogwaro, wadda ke yaɗuwa ta tari da atishawa da cunkoso a ɗaki ɗaya. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kuma tana iya kashe lafiyayyen mutum cikin kwana guda. Arewacin Najeriya da Nijar suna cikin yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar kan tashi daga hunturu zuwa bazara, ta lafa da saukar damina.

Matasa sun fi kowa ɗaukar wannan ƙwayar cuta a maƙogwaronsu ba tare da sun kwanta ciwo ba, kuma su ne ke cika makarantun kwana da ɗakunan kwanan jami'o'i. Shi ya sa wasu ƙasashe suka ware musu jadawalin rigakafi na musamman. A tsarin da likitocin yara na Amurka suka daɗe suna bi, ana yi wa yaro allurar kariya daga nau'o'in ƙwayar cutar na A, C, W da Y yana da shekara 11 ko 12, a ƙara masa ta biyu yana da 16. An shigo da ta biyun ne a 2010, bayan an gano kariyar ta farko tana raguwa cikin kimanin shekara biyar, daidai lokacin da haɗarin ke ƙaruwa. Ingila kuwa, tun 2015 take yi wa 'yan makaranta allurar suna da shekara 14 ko kusa da haka.

Tambayar da wannan ke tayarwa ga mai imani ita ce: yi wa lafiyayyen matashi allura saboda ciwon da bai zo ba, har a maimaita, bai ci karo da dogaro ga Allah ba? Malaman Musulunci sun daɗe da bambance tawakkali da sakaci. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi kuwa aikin gaɓɓai, kuma ɗaya ba ya kore ɗaya. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Lokacin annobar Amwas a Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanya. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa kauce wa annoba ma cikin ƙaddarar Allah take. Umar bai jira ciwo ya kama mutanensa ba, kuma wannan shi ne asalin ma'anar rigakafi.

Allura ta biyu tana fito da wani ɓangare na mas'alar. Kowane sababi yana da wa'adi da iyaka, don haka yana buƙatar sabuntawa. Allurar MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta kusan kawar da nau'in A daga yankin, amma ba ta kare mutum daga nau'in C, wanda ya addabi Yamai a 2015 da Zamfara da Sakkwato a 2017. Sai a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'o'i biyar. Uban da ya ce an taɓa yi wa ɗansa allura yana ƙarami bai gama sauke nauyi ba, sai ya bincika wace iri ce da kuma yaushe aka yi ta.

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Sababbin alluran suna rage ɗaukar ƙwayar cutar a maƙogwaro, saboda haka matashin da aka yi wa yana kare ƙannensa da abokan kwanansa. Kiyaye rai na cikin manufofi biyar na shari'a da Gazali da Shaɗibi suka yi bayani, kuma hana cutar da wani ƙa'ida ce tabbatacciya a fiƙihu. Saudiyya ma ta wajabta wa maniyyata shaidar allurar sanƙarau, ta kuma tsaurara sharaɗin bayan ɓarkewar nau'in W a aikin Hajjin 2000 da 2001.

Wasu kan ɗauki annoba a matsayin azaba, kamar yadda gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta ta 2017 da zunuban jama'a, maganar da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya soka. Tarihin sahabbai bai goyi bayan yanke wa marasa lafiya irin wannan hukunci ba, domin Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal a annobar Amwas suka rasu. Tuba da addu'a wajibi ne a kowane hali, amma ba su ɗauke wa shugaba nauyin samar da allura ba.

Nauyin ya rabu gida uku. Hukuma ce za ta samar da allura ingantacciya, ta faɗa wa mutane gaskiyar amfaninta da illolinta, waɗanda galibi ba su wuce ciwon dantse da ɗan zazzaɓi ba. Iyaye su ne za su adana katin rigakafi su kai yaro a kan lokaci. Matashin da ya balaga kuwa mukallafi ne, jikinsa amana ce a hannunsa, don haka ya kamata a yi masa bayani, ya san abin da aka yi masa da lokacin da ya dace ya koma.