Jitar Farko da Abin da Tsada ke Yi wa Hukunci

Tun da wayar hannu ta shigo da kiɗe-kiɗen duniya har cikin zaurukan birnin Kano, ba abin mamaki ba ne ka ji saurayi a Sheshe ko Mandawari, wanda kakansa bai yarda a kaɗa ko kalangu a ƙofar gidansa ba sai ranar biki, yana tambayar abokansa a asirce inda zai sami jita mai araha a Sabon Gari, saboda ya ga yadda Bombino na Agadas yake sarrafa ta, ko ya ji faifan marigayi Ali Farka Ture na ƙasar Mali. A zahiri tambayar ciniki ce, amma duk wanda ya san unguwannin nan da ke kewaye da Kurmi, inda gidan malami ke jingine da gidan attajiri, ya san akwai wata mas'ala a ƙarƙashinta wadda ta fi ta nauyi, ita ce ko ya halatta ya saya tun farko. Kuma abin da nake gani shi ne amsar tambaya ta farko tana rataye da ta biyun fiye da yadda masu saye da masu hani suke zato.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da hukuncin, ko da ba za ta yi wa saurayin daɗi ba. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani ga kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma duk yaron da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a gaban malaminsa ya wuce ta wurin da aka hana sauraren kayan wasa da gangan. Abin da aka yi rangwame a kansa shi ne irin bandiri a wurin aure. Magabatanmu na nan ƙasar ba su ɗauki lamarin da wasa ba, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya zauna a Kano wajen 1807 ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya ba da labari da kansa cewa an farfasa kayan kiɗan da ya tarar, har aka mai da itacen ganguna kwamin da dawakai ke cin abinci a ciki. Sai dai ba a rasa saɓani ba. Ibn Hazmin Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan halasci, yana ganin hadisin da Buhari ya kawo a kan kayan kiɗa isnadinsa bai sadu ba, malaman hadisi irin su Ibnus Salahi kuwa suka yi masa raddi suka tabbatar da ingancinsa. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya bi wata hanya da ta fi jan hankalina: ya ce daddaɗar murya a kan kanta ba haramun ba ce, amma an hana masu tsirkiya da sarewa saboda sun zama alamar mashaya da majalisunsu. Wanda ya san ƙasar Hausa zai ga wannan illa, wato dalilin hanin, da idonsa, don kuwa abin da ya zubar da darajar goge da garaya a wurin malamanmu shi ne zamansu kayan 'yan bori, alhali bandirin Ƙadiriyya, wanda Shaihu Nasiru Kabara ya tsaya masa har ya rasu a 1996, ana kaɗa shi a fili ranar Maukibi. Ko illar Gazali tana nan a kan jita yau, ko ta gushe da gushewar majalisun, wannan aikin muftai ne, ni kuwa ba shi ba ne.

Abin da ya rage mini shi ne in duba halin wanda ya riga ya yi niyya, ya dogara da zancen masu sauƙaƙawa, alhali zuciyarsa ba ta gama natsuwa ba, mahaifinsa ma bai sani ba tukuna. Irin wannan mutum yana cikin jahilci biyu a lokaci guda: bai san ko zai jure wahalar koyo ba, bai kuma san ko bayan shekara zai ci gaba da ganin abin halal ne ba. To, ɗabi'ar ɗan Adam ce, wadda ba ta bar malami ba balle jahili, idan ya zuba dukiya mai yawa a kan abu sai hankalinsa ya koma lauyan abin, ya riƙa nemo masa hujja, ya toshe kunne daga duk dalilin da zai nuna masa ya yi hasara. Saurayin da ya tara kuɗin ɗinkinsa na watanni, ko ya ci bashi, ya sayi jita mai tsada, ranar da kawunsa ya zaunar da shi a zaure ya ce masa, "Yanzu kai ɗan gidan nan ne za ka zama maroƙi?" ba zai saurari maganar da adalci ba, ko ta gaskiya ce ko ta son zuciya, domin kuɗinsa ne ke amsawa a madadinsa. Wanda ya sayi mai sauƙin kuɗi kuwa yana nan da 'yancinsa: in dalili ya rinjaye shi ya ajiye ba tare da ciwon rai ba, in kuma ya ga zai ci gaba, ya tabbata ba tsoron hasara ne ya riƙe shi ba. Wannan ita ce babbar fa'idar araha a wurina, ta ma fi kauce wa almubazzaranci, ko da yake shi ma shari'a ta yi hani da shi.

Masu cewa sai kaya mai tsada ke fitar da gwani, tarihin makaɗanmu bai goyi bayansu ba. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, kuma kuntigi ba kome ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata, aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak; Haruna Uji na Haɗeja da gurmi na ƙoƙon duma ya yi suna.

Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan ne masu saye da yawa suke faɗawa rami na biyu. Kuntigin Ɗanmaraya mai araha ne, amma lafiyayye ne. Jita mai karkataccen wuya kuwa zalunci take yi wa mai koyo, domin zai danna daidai ya ji sauti ya fita ba daidai ba, ya yanke wa kansa hukuncin cewa Allah bai ba shi baiwar ba, alhali laifin itace ne. Hukuncin ƙarya da lalataccen kaya ke jawowa bai fi wanda tsada ke jawowa sauƙi ba. Saboda haka sai mai saye ya ɗaga jitar ya hanga daga gindi zuwa kai kamar yadda kafinta ke hangen katako, ya ga ko wuyan ya miƙe. Ya duba tazarar tsirkiyoyin nan shida daga jikin wuyan, don in ta yi yawa yatsu za su yi jini kafin su yi kanta. Ya murɗa kowane kunne ya ga yana riƙe ɗauri ko yana saki. Ya danna tsirkiya a gaɓa ta goma sha biyu, wato tsakiyarta, ya ji ko ta ba da muryarta ta asali a sama, in ta kauce to aibi ne a ginin. Mai tsirkiyar roba ta fi mai waya tausasa wa sabon hannu. Kada kuma ya manta hunturun Kano yana tsaga busasshen itace, sai ya shafa bayanta da gefenta ya nemi tsaguwa, musamman in ta hannu ce, wadda sau da yawa ta fi sabuwa marar asali nagarta a kuɗi ɗaya. In bai iya wannan ba, ya tafi da wanda ya iya, ya kuma yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in aibi ya bayyana zai mayar, haƙƙin da fiƙihunmu ya ba mai saye tun ba yau ba.

Shawarata ga saurayin Sheshe ita ce, kafin ya hau adaidaita zuwa Sabon Gari, ya fara zuwa wurin malamin da ya yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa ya ji hujjojin ɓangarorin biyu, ya kuma sanar da mahaifinsa da bakinsa, don kada ya ji a bakin maƙwabta. In bayan haka ya ga zai saya, ya sayi lafiyayya mafi ƙarancin kuɗi, da kuɗin da ba bashi ba.