Canjin Wurin Aiki Ba Tare da Ƙarin Girma Ba: Asara Ce Ko Riba?

A unguwar nan, in aka ce an yi wa wane ƙarin girma a ofis, kafin la'asar ƙofar gidansa ta cika da 'yan barka. In kuwa aka ce canja masa wurin aiki aka yi, mataki bai ƙaru ba, albashi bai motsa ba, sai ka ji ana yi masa jaje kamar wanda ya yi gobara. Wasu su ce an jefar da shi, wasu su ce ai bai da uwa a gindin murhu. Wannan tunani ya sa matasanmu da dama suna bin gidajen manya suna neman a soke musu canji. To, shin hawa sama ne kaɗai ci gaba a wurin aiki?

Mu fara da tarihin garin nan. Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama hedikwata. Ma'aikata 'yan asalin wannan yanki suka kwaso fayil da iyali daga Jos, galibinsu da matakin da suke kai. Sun bar babban birni sun zo garin da ofisoshi da gidajen haya suka yi ƙaranci. Amma sabuwar jiha hannu take nema. Wanda a Jos teburi ɗaya ya sani, a nan dole ya taɓa lissafi, ya taɓa rubuta wasiƙa, ya taɓa shirya kasafi. Da irin wannan wahala aka kafa ma'aikatun da muke shiga yau.

Wasu sana'o'in ma sun mayar da zagaye dole. Likita in ya gama jami'a, sai ya yi shekara guda yana zaga sassa huɗu na asibiti, wata uku-uku: sashen tiyata, na yara, na mata da haihuwa, da na cututtukan manya. Jami'an mulki a aikin gwamnati su ma haka ake juya su daga wannan ma'aikata zuwa waccan, domin wanda zai riƙe ma'aikata wata rana ya san yadda kowane ɗaki yake aiki. Ƙarin girma kuwa, a matsakaitan matakai, bayan shekara uku ake duba shi, kuma yawancinsa lissafin shekaru ne da jarrabawa. Mutum yana iya cika shekara 35 ya yi ritaya alhali aikin da ya koya a shekarar farko shi ya yi ta maimaitawa.

Ka leƙa kasuwa ka ga abin a fili. Yaron da ya shekara biyar yana auna riɗi a shago ɗaya ya san mudu, ya san ciniki. Ɗan'uwansa da ya auna riɗi, ya koma wajen dillalan doya, ya je tasha ya ga yadda ake lodi da kuɗin mota zuwa Kano ko kudu, ba a taɓa kiransa maigida ba, amma ranar da jari ya zo hannunsa ba mai yi masa wayo. Iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina da Zariya suka zauna a nan, akwai waɗanda suka zo da fatauci suka koma noma, akwai masu ɗinki da suka koma sayar da hatsi. A fagen ilimi ma haka ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sai da ya je har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ai shi ya sa ake cewa tafiya mabuɗin ilimi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowane canji ne alheri ba. Magidancin da aka tura Toto ko Wamba daga Lafiya zai biya haya biyu, ko ya cire yara daga makaranta tsakiyar zango. Akwai kuma shugabannin da ke mayar da canji bulala, su tura wanda ya ƙi sa hannu a kan ƙarya inda ba aikin yi. Wannan zalunci ne, kuma duk shugaban da ya yi haka zai amsa tambaya gaban Allah. Ta ɓangaren ma'aikaci kuma, akwai mai neman canji don ya ji an ce wuri kaza da maiƙo. Shi wannan kwaɗayi ne ya kai shi, kuma kowa ya san abin da kwaɗayi yake buɗewa. Akwai kuma mai tsalle-tsalle, wata shida nan, wata shida can, bai zauna ya iya komai ba.

Saboda haka ma'aunin a ganina shi ne niyya da abin da za a koyo. Kafin ka karɓi canji ko ka neme shi, tambayi kanka: me zan iya bayan shekara biyu a can wanda ban iya ba yau? Wurin da zan bari, na bar shi a gyare, ko gudun ɓarnar da na yi nake? In amsar ta yi daɗi, to ka tafi ko da albashin bai ƙaru da sisi ba. Muƙami na gwamnati ne, ranar ritaya ake miƙa makullin ofis. Iyawa kuwa da ita za ka dawo gida, ita za ta ciyar da kai lokacin da fansho ya makara.

Mu kuma maƙwabta mu gyara bakinmu. In ɗan unguwa ya zo da takardar canji, mu daina tarbarsa da jaje da zargin maƙiya. Mu tambaye shi aikin da zai je yi, mu haɗa shi da wanda muka sani a can, mu riƙa duba masa iyali in zai bar su a nan. Allah ya sa mu dace.