Amanar Mai Ƙyanƙyasar Ƙwai

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin Yesu Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga tambaya a gabanka: ina ne ake gane mai bi na gaskiya, cikin majami'a ran Lahadi, ko kuwa wurin sana'arsa ran Litinin? Bari mu duba zaman wani irin mutum domin mu sami amsa.

A ƙananan garuruwa na ƙasar Amurka an yi mutane da yawa waɗanda sana'arsu ƙyanƙyasar ƙwai ce. Sukan jera ƙwan kaji cikin babban akwati mai ɗumi, zafinsa wajen digiri 37 da rabi, ana juya ƙwan kowace rana har kwana 18, ran kwana 21 kuwa 'yan tsaki su fito. Ɗan tsako yakan shanye gwaiduwa kafin ya fasa ɓawo, saboda haka yana iya yin kwana biyu ko uku ba ci ba sha. Domin wannan, tun shekara ta 1918 gidan waya na ƙasar ya yarda a riƙa aika tsakin kwana ɗaya zuwa ga manoma na nesa.

To, ka lura. Manomin nan ya biya kuɗinsa, amma bai ga kazar da ta yi ƙwan ba. Akwai kuwa wata cuta mai sa tsaki farin zawo, wadda takan bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa. Tsakon ya fito kamar lafiyayye, ya mutu cikin mako biyu ko uku a hannun mai saye. Sai a shekara ta 1935 aka kafa tsari na ƙasa duka domin gwada jinin kaji. Kafin wannan, me zai tsare manomi in ba amanar mai sayarwa ba?

Ka ɗauki ɗaya daga cikinsu, dattijo cikin ikilisiyar garinsu. Tun da kwana 21 mako uku ne cif, yakan sa ƙwai ran Litinin, domin ranar ƙyanƙyasa kada ta faɗo ran Lahadi ta hana shi sujada. Wannan ya yi kyau, amma mutane suna gani. Ga gwaji mafi wuya: ya gane cutar nan ta shiga kajinsa, ga kuɗin mutane a hannunsa, ga iyali suna jiran abinci. Zuciya ta ce masa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Aika musu, in sun mutu za a ce sanyi ne. Ba mai sani. Amma shi ya san Allah ya sani. Sai ya mayar da kuɗi, ya faɗi gaskiya, ya ɗauki hasara.

Watakila za ka ce, ashe wannan ba wauta ba ce? Ba za mu ruɗe ka ba: hasarar gaskiya ce, ba mu kuwa yi maka alkawari za a mayar maka da ita a duniyan nan ba. Amma ka yi tunani. Da ya aika, da hasarar ba ta ɓace ba, sai dai ya ɗora ta bisa kan matalaucin da ya amince da shi. Mutumin da ya zauna kusa da maƙwabcinsa ran Lahadi, ya cuce shi ran Litinin, wane Ubangiji yake bauta wa?

Kai fa? Ko ba ka da akwatin ƙwai, kana da mudu, ko ma'auni, ko allura, ko gonar wani da kake noma bisa lada. Cikin kowace sana'a akwai wurin da idon mai saye ba ya kai: ƙasan buhu, cikin ɗinki, akuyar da ka san ba ta da lafiya. Nan ne bangaskiyarka take bayyana. Baragurbi da ƙwai mai rai kamanninsu ɗaya ne daga waje, amma mai ƙyanƙyasa yakan ɗaga kowanne gaban fitila, ya ga abin da ke ciki. Hakanan ayyukanmu suke a gaban Allah.

Kada ka yi tsammani riƙon amana ne zai saya maka ceto. Ceto kyauta ce ta wurin Almasihu, wanda cikin Bishara ta Matta, sura 23, ya kwatanta ƙaunarsa da ta kaza mai rufe 'ya'yanta. Amma wanda ya sami mafaka irin wannan, ba shi yiwuwa ya ci gaba da cutar ɗan'uwansa da kwanciyar rai.

Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai wanda ka tauye wa hakki, je ka mayar masa tun yau. Ka roƙi Ubangiji ya ba ka zuciya ɗaya, ta Lahadi da ta Litinin.