Bimbinin Safiya: Idon Ɗan'uwanka Yana Ganin Abin da Naka Ya Tsallake

Karatun yau: Suratul Asr

 

Duk wanda ya idar da sallar asuba ya zauna har rana ta ɓullo ya san irin hasken da ke sauka a kan Jiga Birni a wannan sa'a. Daga gefe yake zuwa, a kwance, bai yi zafi ba tukuna. Yana fito da shatin hannun magini a jikin katangar ƙasa, yana ƙara wa jar albasa kyau. Masu sana'ar hoto suna neman wannan sa'a ruwa a jallo, ita da wadda ke gabanin faɗuwar rana. Tunda yanzu kusan kowane matashi tsakanin Jega, Aliero da Maiyama yana yawo da kyamara a cikin wayarsa, bari mu yi bimbinin yau a kan hoto.

A ce wani yaro ya ɗauki hoton mahaifinsa a gaban buhunan albasa da za a kai kasuwar Aliero. Ya duba, hoton ya burge shi, domin shi abin da yake gani shi ne Baba, da wahalar ban ruwa da aka sha, da albarkar da Allah Ya bayar. Sai ya miƙa wa yayansa, wanda ya ɗan san harkar. Yayan ya ƙura wa hoton ido, ya ce: "Ƙanena, ka kama Baba yana murmushi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma duba nan. Rana tana bayansa, shi ya sa fuskarsa ta yi duhu. Ga falwaya ta fito daidai saman hularsa. Ka karkata wayar, sai ƙasa ta jirkice. Can gefe kuma ga matar maƙwabcinmu tana wucewa, ba ta san an ɗauke ta ba."

Yaron yana wurin, shi ya danna, amma ko ɗaya daga cikin waɗannan bai gani ba. Dalili kuwa shi ne ido yana zaɓen abin da zuciya ke so ya bar saura, ita kuwa kyamara tana kwashe duk abin da ke gabanta. Mai ɗauka yana ganin niyyarsa, mai kallo yana ganin abin da ya fito.

Haka lamarinmu yake da mutane. Maigida yana ganin tarbiyya yake yi, yaran kuwa tsawa kaɗai suke ji. Ɗan kasuwa yana ganin ciniki ya iya, abokin cinikinsa ya koma gida da jin an cuce shi. Niyya tana da girma a wurin Allah, babu shakka, amma kyakkyawar niyya ba ta hana maganarmu yi wa wani rauni. Shi ya sa surar da muka karanta, duk da ayoyinta uku ne kacal, ta haɗa imani da aikin kirki da yi wa juna wasiyya da gaskiya da haƙuri. Kuma a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta mumini da madubi ga ɗan'uwansa. Babu wanda ke iya ganin ƙeyarsa da kansa.

Gyaran farko da gwani ke yi wa ɗan koyo a ƙafa yake. Zai ce masa ya matsa kusa maimakon ya jawo hoton da yatsu, domin jawowa da yatsu kan sa hoto ya dushe. Zai ce ya durƙusa in yaro zai ɗauka, ido ya yi daidai da ido. Zai nuna masa layukan da ke raba fuskar waya gida tara, ya ce ya ajiye idon mutumin kusa da layin sama, ya daidaita ƙasa da layin kwance. Kafin ya danna kuma, ya zagaya kusurwoyi huɗu da idonsa ya ga abin da ya shigo ba da gayyata ba. Duk wannan yana komawa ga tambaya ɗaya: me kake so a gani? Ita ce tambayar da ya kamata mu yi wa yininmu tun da safe. Yinin da aka cusa wa komai, daga gulmar bakin shago zuwa hirar waya marar iyaka, yakan ƙare ba a san abin da ke tsakiyarsa ba.

Gyara na biyu a haske yake. Rana tsaka tana dukan mutum daga sama, ta zuba inuwa a ƙarƙashin idanu, ta sa shi yamutsa fuska. Sai a kai shi inuwar dogon yaro ko bakin zaure, ya fuskanci inda haske ke shigowa. In yana sanye da farar babbar riga, wayar takan ruɗe da farin ta duhunta fuska, don haka sai a taɓa fuskar a jikin gilashin wayar a ɗan ƙara haske. A lokacin hunturu kuwa, sau da yawa hazon da ke cikin hoto ƙura ce kawai a idon kyamara, goge shi da gefen riga ya wadatar. Saidu Keita na Bamako, wanda ya fara da sana'ar kafinta kafin ya buɗe gidan hotonsa a 1948, mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, yau kuma ana baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya.

Tun shekaru dubu da suka wuce wani malami Musulmi ya yi bayanin tushen wannan. Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen 965 ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya nuna a Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ya gwada hakan da ɗaki mai duhu mai ƙaramar kafa, wanda shi ne asalin yadda kyamara ke aiki. Ido ba ya ƙirƙirar haskensa, karɓa yake yi. Zuciya ma haka take. Shiriya daga Allah take zuwa, sau da yawa ta bakin malami, ko uwa, ko aboki mai faɗin gaskiya. Wanda ya juya wa wannan haske baya, fuskarsa ce za ta yi duhu.

Gyara na uku shi ne wanda ake yi bayan an ɗauka. Datse gefe, miƙar da abin da ya karkace, ɗan ƙara haske, duk suna taimaka wa hoto ya faɗi gaskiyarsa. Amma akwai gyaran da ya zama ƙarya, kamar a wanke fatar amarya har mahaifiyarta ta yi shakkar ko 'yarta ce. Shekaru da dama a baya kamfanin Kodak ya riƙa daidaita launin hotuna da katin gwaji mai ɗauke da hoton mace farar fata, baƙar fata ta sha wahalar fitowa da kyanta. Bai dace yanzu mu ɗauki wayoyinmu mu goge launin da Allah Ya yi mana da hannunmu ba. Masu hoto kuma sun san cewa wurin da haske ya ƙone ya zama fari fat, babu manhajar da za ta dawo da abin da ke wurin, sai dai a koma a sake ɗauka. Laifin da muka yi wa wani shi ma ba ya gyaruwa da daɗin baki a gaban jama'a. Sai an koma wurin mai haƙƙi, an nemi afuwa, an biya abin da ya kamata a biya.

Saura ladabin mai gyara. Yayan yaron nan ya fara da abin da ya yi kyau, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ɗora yatsa a daidai inda matsalar take, su biyu kaɗai, ba a tsakiyar abokai ba. Aliero ta yi suna da masu ɗori, kuma kowa ya san mai ɗori yana taɓa inda ke ciwo, amma don ƙashi ya haɗu yake taɓawa, ba ya kuma sakin hannun sai ya ɗaure. Nasihar da ta nuna aibi ta tafi ba ta nuna mafita ba, rabin aiki ta yi. Mutanen ƙasar Gwandu suna da abin koyi a gida. Da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu daga cikin jama'a sun fara karkata ga mulki da dukiya, bai yi shiru ba, ya faɗa a rubuce. Da ya isa Kano wajajen 1807 kuma, ya rubuta wa mutanenta Diya'ul Hukkami don ya nuna musu yadda ake shugabanci bisa shari'a. Ya faɗi cutar, ya kuma kawo magani.

Aikin yau ga mai waya shi ne ya zaɓi hoto ɗaya da yake alfahari da shi, ya kai wa wanda ya fi shi sani, ya ce a nuna masa abin da zai gyara, ya saurara har ƙarshe ba tare da kare kansa ba. Aikin yau ga kowa da kowa kuwa shi ne mu nemi mutum ɗaya da muka yarda da tsoron Allahnsa, mu tambaye shi hali ɗaya da yake gani a gare mu wanda ya kamata mu bari. In ya faɗa, mu gode masa, mu yi masa addu'a.

Ya Allah, Ka ba mu 'yan'uwa masu faɗa mana gaskiya cikin ƙauna, Ka ba mu zuciyar karɓa ba tare da girman kai ba. Ka tsare harsunanmu daga tozarta wanda muke nufin gyarawa. Ka sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Ka sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu da karatun 'ya'yanmu, Ka shiryar da mu a wannan yini. Amin.