Yaron da Ya San Darajarsa, Mai Girman Kai Ne?

Ya mai karatu, wataƙila ɗiyarka ta taɓa dawowa daga lakwal ko daga taron 'yan mata tana cewa an koya musu su san darajar kansu. Wataƙila ranka bai so ba. A ƙasar Tarka, daga Belbeji har Tanut, da kunya aka raine mu: yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, yarinya kada ta ɗaga murya. Mu masu bi kuma muna koya wa 'ya'yanmu tawali'u. To, girman kai ne ake shuka musu?

Bari mu duba yadda abin ya kasance a wani wuri. A shekara ta 1986 jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ta kafa kwamiti a kan wannan magana. Tunaninsu shi ne, in yaro ya ga kansa da daraja, zai bar shaye-shaye, ya ci jarrabawa. Makarantu da yawa suka shiga yabon yara, ko sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba. A 2003 wani masani, Roy Baumeister, da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka yi. Suka tarar yabo kaɗai ba ya gyara karatun yaro. Yawanci ma iya karatun ne ke sa yaro ya ji shi wani ne. Manomin Damargu ba zai yi mamaki ba, gama bai taɓa ganin kirari ya cika rumbu ba.

A nan Nijar, a 2013 aka fara shirin Illimin domin 'yan mata masu shekara 10 zuwa 19. Sukan taru wurin wata mace mai lura da su, su koyi karatu, da lissafi, da kiwon lafiya, da yadda za su faɗi abin da ke ransu. Akwai dalili: binciken 2012 ya nuna 'yan mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin shekara 18. Wannan ya fi yabon baki, domin an sa wa yarinya wani abu a hannu.

Amma darajar kanta, daga ina take? Littafin Farawa ya koya mana Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, namiji da mace. Tun ɗanka bai riƙe alli ba an riga an ba shi ita, faɗuwa jarrabawa kuwa ba ta ƙwace ta. Mai girman kai yana auna kansa da maƙwabcinsa. Wanda ya san darajarsa ya san kyauta ce, ya san maƙwabcinsa ma ya sami irinta.

Ka tuna da Dawuda. Ranar da Sama'ila ya zo Baitalami, Yesse ya kawo 'ya'yansa bakwai, autan kuwa yana jeji da tumaki, ba a ko kira shi ba. Amma a wurin kiwon nan ne ya kashe zaki. Da ya tashi fuskantar Goliyat, wannan ya faɗa wa sarki Shawulu, ya kuma ce Ubangiji ne ya cece shi. Ga ƙarfin hali, ga tawali'u, cikin yaro ɗaya.

Ɗan'uwa, mushe yana da ɗanka sa'o'i kaɗan, kai kana da shi dare da rana. In kullum sakarai kake kiransa, ko marar amfani, wane darasi zai wanke wannan? Ka tsawata masa a kan laifin da ya yi, kada ka zagi halittarsa. Ka yanka masa gayauna, geron da ya noma ya zama nasa. Ki ba ɗiyarki akuya, ki bar ta ta yi cinikin ɗan akuyar da kanta ran kasuwa. Ranar da ta sami ƙarfin hali ta ce tana so ta gama lakwal kafin aure, kada ku kira shi rashin kunya. Ku shimfiɗa tabarma, ku ji ta har ta gama.