Shin ya halatta a faɗi yau don a ci gobe?

Ƴan uwa ɗalibai, duk mai bin ƙwallon kwando a tele ko a waya ya san wannan gardama. Kulob yana da manyan ƴan wasa, sun fara tsufa, kowace shekara ana zuwa kusa da kofi amma ba a ɗauka. Sai magoya baya su rabu biyu. Wasu su ce a sayar da tsofaffin, a kawo yara, a yi haƙuri shekara huɗu ko biyar. Wasu su ce ina, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, a ƙara mutum ɗaya a sake gwadawa. Da farko za ka ɗauka maganar lissafi ce kawai. In ka zurfafa sai ka tarar maganar amana ce: wa ke da ikon sadaukar da shekarun wani don ribar da watakila shi ba zai gani ba?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Gasar NBA ta Amurka tana da kulob 30, kowanne yana buga wasa 82 a kaka, kuma ba a mayar da kowa ƙaramin rukuni ko da ya zo na ƙarshe. A watan Yuni ana rabon sabbin ƴan wasa, kuma waɗanda suka fi shan kaye su ke da babbar dama ta fara zaɓe. Niyyar dokar mai kyau ce, a taimaki mai rauni. To amma kun gane inda ƙofa ta buɗe: in faɗuwa tana da lada, wani zai nemi faɗuwar da gangan.

Haka aka yi a Filadelfiya. A 2013 Sam Hinkie ya karɓi ragamar 76ers, ya rabu da gogaggun ƴan wasa, ya tara damar zaɓe. A kaka uku kulob ɗin ya ci wasa 19, sannan 18, sannan 10. Wato a cikin wasa 246, sun ci 47 kacal. Har sai da suka jera wasa 28 ba nasara. Ana ce wa jama'a su amince da tsarin, gobe za ta yi kyau. A ciki suka samu Joel Embiid ɗan Kamaru a 2014, wanda ya zama gwarzon gasar a 2023. Amma Hinkie ya ajiye aiki tun 2016, kuma har zuwa 2025 kulob ɗin bai wuce zagaye na biyu na wasannin neman kofi ba.

Kada mu yi saurin cewa shi ke nan, sake gini ƙarya ne. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. A 2019 Oklahoma ta sayar da taurarinta biyu, Paul George da Russell Westbrook. A cinikin George ta karɓi wani matashi, Shai Gilgeous-Alexander, da tarin damar zaɓe. Ta sha wuya: nasara 22 a wata kaka, 24 a ta gaba. A 2025 ta ɗauki kofi, matashin nan kuma shi ne gwarzon shekara. Mai wannan hujja zai ce maka: wanda ya ƙi jin zafin shekara biyu zai zauna a tsakiya shekara goma, ba ya sama ba ya ƙasa, kuma wannan ma ai yaudarar magoya baya ce. Gaskiya ya faɗa. Riƙe tsofaffi don tsoron surutun mutane ba jarunta ba ne.

Ɗaya hanyar kuma wani ɗan maƙwabtanmu ne ya bi ta. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne ya jagoranci Toronto a Kanada har zuwa 2025. A 2018, bayan kulob ɗin ya ci wasa 59 amma ya sake faɗuwa a neman kofi, bai rushe gidan ba. Ya sallami mai horarwa Dwane Casey, ya ba da DeMar DeRozan, wanda ya yi shekara tara yana yi wa kulob ɗin hidima, ya karɓo Kawhi Leonard da ya rage shekara ɗaya a kwantiraginsa. A watan Yunin 2019 suka doke Golden State suka ɗauki kofi. Abin lura, a cikin ƴan wasan nan babu ko ɗaya da aka zaɓa cikin goma sha huɗu na farko. Pascal Siakam, shi ma ɗan Kamaru, na 27 aka ɗauke shi a 2016, a gida aka raine shi. Sai dai nan ma akwai wanda ya biya: DeRozan ya fito fili ya nuna an ci amanarsa, Kawhi kuma ya tafi bayan wata ɗaya.

Kenan duka hanyoyin biyu an ci kofi da su, duka kuma an yi asara da su. Sakamako kaɗai ba zai raba mana gardama ba. Dole mu tambayi wata tambaya: wa ya ɗauki nauyin, kuma an faɗa masa gaskiya?

A nan nake ganin ya kamata a raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai sake gini, akwai faɗuwa da gangan. Mai sake gini yana sa yara a fili don su koya, suna zage dantse, in an ci su an ci su da ƙarfi. Mai faɗuwa da gangan yana zaunar da lafiyayyen ɗan wasa a benci don kada a yi kuskuren cin wasa. Shi wannan ya sayar wa mai kallo tikitin gasa alhali ba gasa a ciki. Ya kuma cinye shekarun ɗan wasa, wanda ƙarfinsa ɗan lokaci ne, gwiwa ba ta jiran tsarin kowa. Su kansu masu gasar sun ga illar: daga 2019 suka rage damar na ƙarshe daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 14, a 2023 kuma suka ci tarar Dallas dalar Amurka 750,000 don ta zaunar da manyan ƴan wasanta a wasan da take da sauran dama.

Mu ƴan Magarya da Dungas ba ma buƙatar zuwa Amurka mu fahimci wannan. Ku dubi gonakin iyayenmu. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka shiga barin ƴan tsiron gawo a gona, suna sassabe su suna raino, har yankin ya cika da itatuwa. Gawo yana ɗaukar shekaru kafin ya yi inuwa. Amma akwai manomin da ya ce wa iyalinsa bana ba hatsi, muna jiran gawo? Babu. Yana raino yana noma. Gawon ma da kansa yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Mai ajiye iri a rumbu ya hana bakinsa wani abu don baɗi, wannan hikima ce. Wanda ya ƙi yin noma don a sa sunansa cikin masu karɓar taimako kuwa, sunan abin da ya yi daban ne.

Don haka ra'ayina, kulob yana da damar sake gini, wani lokacin ma wajibi ne a kansa, amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, a faɗa wa mutane gaskiya, har da wa'adi, ba gobe marar rana ba. Na biyu, duk ranar wasa a shiga da niyyar ci, da duk wanda ke da lafiya. Na uku, kada a watsar da manya kamar tsumma, da tsohuwar zuma ake magani, kuma yaro ba ya koyon cin wasa a wurin da kowa ya saba da faɗuwa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ekip ɗin lise, ƙungiyar ɗalibai, har wannan ƙungiya tamu ta marubuta, kowace shekara manya suna cin BAC su wuce Damagaram ko Yamai, wasu su tafi ci-rani Kano. Mu ba mu da rabon sabbin ƴan wasa, in mun faɗi ba mai ba mu tukuici. Abin da ya rage mana shi ne mu riƙa saka ƙanne cikin aiki tun manya suna nan. Kuma duk ranar da wani ya ce mana mu yi haƙuri, mu ne manyan gobe, mu karɓa da ladabi, sannan mu tambaye shi: wace shekara ce goben, kuma me kai ka rage daga naka rabon kafin ta zo?